Ɗana, Kafin Ka Tayar da Injin Iska

Ɗana, na ji ka haɗa ɗan jarinka ka sayi injin iska, ka share zauren gidanku ka mai da shi shago. Allah ya sa albarka, ya sa ka fara a sa'a. Daga Fagge zuwa Sabon Gari da wuya ka bi layi biyu ba ka ji kukan kwamfuresa ba: mai faci a bakin titi, mai fentin mota a lungu, kafinta yana harba ƙusa da bindigar iska, mai gyaran A Daidaita Sahu yana hure kabureta. Sana'a ce mai rufin asiri, na ga waɗanda suka yi aure suka gina gida da ita.

Sai dai akwai wani hali da nake gani a wurin samarin da ke shigowa, shi ya sa na ga ya kamata mu zauna. Duk abin da ya tsayar da aiki, a ranar ake gyara shi. Fulogi ya mutu, an ruga France Road an sayo. Bel ya tsinke, kafin azahar an ɗaura sabo. Abin da bai tsayar da aiki ba kuwa sai a bar shi shekara da shekaru. To, abubuwan da ke nakasa mutum a jikin wannan inji kusan duk ba sa tsayar da aiki. Tanki mai tsatsa yana riƙe iska lafiya lau har ranar da zai tarwatse, kunne kuma yana mutuwa a hankali alhali ciniki na tafiya.

Mu fara da tankin, don shi ne ba ya magana. Ƙananan injinan shago yawanci suna tara iska har allurar geji ta kai bar 8, wato wajen psi 116, sannan su tsaya. Lambar ba ta da ban tsoro a ido, amma ma'anarta ita ce kowane ɗan fili na santimita ɗaya tsawo da faɗi a jikin ƙarfen yana ɗauke da nauyin kusan kilo 8. Ɗora tafin hannunka a jikin tankin. Wurin da ka rufe, in ya kai santimita 10 tsawo da faɗi, iskar ciki tana tura shi da ƙarfin kilo 800, kamar a jibge masa buhun siminti 16. Haka ƙarfen yake fama tun safe har dare, ga shi a gefen benci inda kake zama kana cin abinci.

Abin da ke cin wannan ƙarfe ruwa ne, kuma daga ciki yake ci. Iskar da injin ke zuƙa tana da danshi. In an matse ta sai ta yi zafi, in ta huce a cikin tanki sai danshin ya koma ruwa ya kwanta a ƙasa. Da hunturu kaɗan ne, amma daga Yuni zuwa Satumba, musamman a tsakiyar Agusta, abin ba kama hannun yaro. An taɓa kawo mini wani tanki mai lita 100, fentinsa ja yana ƙyalli, mai shi yana kukan cewa injin ya cika saurin tashi da tsayawa, kuma bindigar fentinsa tana tofa ruwa a jikin mota. Ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin ya ƙame, sai da muka jiƙa shi da mai muka sa filaya. Da ya buɗe, laka ce ta fara fitowa, sannan ruwa jawur mai ƙarni, da ɓarɓashin tsatsa suna toshe bakin muna tsokana da waya, har ya kusa cika ƙaramin bokiti. Wannan ɓarɓashin duk naman tankin ne ya zube. Na ƙwanƙwasa samansa da sifana ya amsa da ƙarfi, na ƙwanƙwasa ƙasansa ya amsa a mace.

Maganin wannan bai kai minti biyu ba. In ka tashi daga aiki da yamma, kashe injin, rage iskar har allura ta sauko sosai, ka buɗe famfon ƙasa a hankali ruwan ya fita, ka ɗan karkata tankin in ƙarami ne. Kullum, ɗana, kamar yadda ba ka manta kulle shago. Da damina in aiki ya yi yawa ka ƙara da rana.

Ranar da ka ji tankin yana tsiyayar iska ta wani ɗan ƙaramin huji a ƙasansa, zuciyarka za ta ce ka kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta. Kada ka kai. Hujin da ka gani shi ne inda tsatsa ta fara ɓullowa, ƙarfen da ke kewaye da shi duk ya riga ya sirance, zafin walda kuma yana ƙara raunana shi. Tankin da ya huje ya gama aikinsa a duniya. Zubar da iskarsa gaba ɗaya, ka sa a yanka shi biyu kafin ka sayar wa 'yan gwangwan, don kada wani ya liƙe shi ya shafa masa fenti ya sayar wa ɗan wani. In kuma na hannu za ka saya, a Ƙofar Ruwa ne ko a wurin wani abokin sana'a, nemi ɗan farantin da masu ƙera shi suka manna, wanda ke ɗauke da shekarar ƙira da iyakar iskar da zai iya ɗauka. Ka sa a kwance toshiyar da ke jikinsa ka haska ciki da tocila. Tankin da aka haɗa a gida da tsohuwar tukunyar dafa ruwa ko guntun bututu, ba wanda ya san iyakarsa, har wanda ya haɗa shi. Araha ba ta ado. Masana aikin suna gwada tanki ne ta hanyar cika shi da ruwa su matsa shi fiye da yadda zai yi aiki, domin ruwa ba ya matsuwa, in ƙarfen ya gaza sai dai ya tsage ya zubar. Iska kuwa in ta sami hanya jifa take yi da ƙarfe. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta a riƙa duba irin waɗannan tankuna a ma'aikatu, amma ka san ba jami'in da zai shigo zauren gidanku. Kai ne mai dubawa.

A saman tankin akwai wani ɗan bawul na tagulla mai zobe. Aikinsa guda ne: in iska ta wuce iyaka ya buɗe da kansa ya zubar. Na ga inda aka ɗaure shi da waya, na ga inda aka cire shi aka ɗaura noti a gurbinsa, wai yana ɓarnar iska. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, musamman a injinan masu faci da ke aiki da fetur. Na lantarki yana da otomatik mai kashe shi in tanki ya cika. Na fetur kuwa ci gaba yake da juyawa, in ba bawul ɗin da zai saki iska, ba abin da ya rage tsakaninka da fashewa sai ƙaurin ƙarfe. Ka riƙa jan zoben nan lokaci-lokaci tanki yana da iska, ka kawar da fuskarka, ka ji ya yi tsaki ya koma ya rufe. In ya ƙame ko yana yoyo, sayi sabo mai lamba daidai da ta tankinka. Kada kuma ka murɗa otomatik don allura ta ƙara hawa. In iska ba ta isar ka, kan injin ne ya yi wa aikinka kaɗan, ko kuma kana da yoyo a wani wuri. Garin neman gira kada a rasa ido.

Na san amsar da ake bayarwa in an yi irin wannan magana: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, rai da ajali na Allah ne. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wanda ya toshe bawul da hannunsa bai da bakin kiran tsautsayi.

Sai maganar yaran shago. Yaro ya tashi daga aiki, ya ɗauki tiyo ya hure ƙurar rigarsa da gashin kansa, wani ya zo ta baya ya tsokane shi da iska, a yi dariya. Hana wannan tun ranar farko, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iska mai ƙarfin bar 6 ko 8 tana fasa dodon kunne, tana harba ɓarɓashin ƙarfe cikin ido, tana iya kutsawa ta wani ɗan yanka ta shiga ƙarƙashin fata har cikin jini. Abin da ya fi muni, kuma dole in faɗe shi a fili: in aka kai bakin tiyo kusa da duburar mutum, ko yana sanye da wando, iskar tana iya shiga ta fasa hanji. Likitoci a ƙasashe da dama sun rubuta irin wannan, kuma mafi yawansu da wasa aka fara. A Amurka doka ta hana share wuri da iskar da ta kai psi 30, ko wadda ba ta kai ba ma sai da kariyar ido. Mu nan da ninki uku na wannan yaro ke hure fuskarsa. Tsintsiya da buroshi sun isa share jiki da benci.

In faci kake yi, taya ma tanki ce. Ta ƙaramar mota yawanci tsakanin psi 30 da 35 take sha, kuma lambar tana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai, ba a gane ta da bugun sifana. Ta tirela da tifa takan haura psi 100. Wilin manyan motoci mai zoben ƙarfe in bai zauna daidai ba, tashi yake da ƙarfin da zai raba mutum da kansa. Sa dogon tiyo mai kama bakin bawul da kansa, ka koma gefe, kada ka sunkuya a kan taya tana shan iska, kada ka bar direba ya tsaya a kanta yana kallo. Kuma ba a walda a jikin wili taya tana kai, ko an sace iskar.

In za ka ja iska zuwa wani sashe na shago, kada ka yi da farin bututun roba na ruwan famfo. Yana tsufa, in ya fashe da iska tarwatsewa yake gutsi-gutsi masu kaifi. Tiyon iska na gaskiya ko bututun ƙarfe za ka sa. Ragar da ke rufe bel kuma a bar ta a wurinta. Mu masu sa riga mai faɗin hannu ne, ga ƙannenka suna shige da fice a zauren, injin lantarki kuma tashi yake da kansa ba sallama da zarar iska ta ragu. Kafin ka sa hannu a jikinsa zare waya daga soket, ka zubar da iskar.

Kano tana gwada inji da yanayi uku. Na faɗi na damina. Da hunturu ƙura ce, filtar da ke bakin shan iska takan toshe cikin 'yan kwanaki, sai wani ya cire ta ya yar don injin ya yi saurin cika. Ƙurar nan yashi ce, tana shiga ta cinye fistin da zobbansa, bayan wata kaɗan injin ya fara tura mai cikin tanki. Kakkaɓe filta ko ka wanke ta in ta soso ce, ka canza in ta gaji. Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, shago mai rufin kwano ya fi haka. Kada ka manna injin da bango, bar masa sarari ta kowane gefe, ka share ƙurar da ke tsakanin haƙarƙarin kansa don ta nan yake huce zafi. Duba mai ta ɗan gilashin gefe kowace safiya kafin ka kunna. Man kwamfuresa daban yake, kuma baƙin man da aka juye daga mota ba shi da gurbi a nan ko kyauta aka ba ka. Yana ƙonewa ya bar gawayi a kan bawul da cikin bututun da ke kai iska tanki, gawayin nan da zafi kan haddasa wuta.

Wutar KEDCO in ta zo ba ƙarfi, za ka ji injin yana gurnani ya kasa tashi. Kashe shi nan take, minti kaɗan na wannan gurnani ya isa ya ƙone kafasita ko koyil. Doguwar siririyar waya ma haka take yi masa. In aiki yana nesa, ƙara tsawon tiyo, ka bar injin kusa da soket. Mai amfani da fetur ko janareta kuma, hayaƙinsu yana da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, mun sha jin iyalai sun kwana ba su tashi ba saboda ita. A waje ake ajiye su, nesa da tagar ɗakin kwana. Galan ɗin fetur da tina su yi nesa da injin, kuma kada ka yi feshin fenti kusa da shi, don otomatik yana tartsatsi duk sanda ya tashi. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san yadda wuta ke gudu inda rumfa ke jingine da rumfa, kuma lungunanmu ba su fi kasuwar sarari ba. Ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi a bakin ƙofa.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san darajar lita guda. To, yoyon iska fetur ne ke zuba. Ka cika tanki ka kashe injin, ka kalli allura. In tana sauka ba ka taɓa komai ba, kaɗa ruwan omo ka shafa a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne ɓarawon. Mai faci ya fi kowa sanin wannan dabara a jikin tayar mutane, sai ya manta da ita a jikin injinsa. Injin da ba ya yoyo ba ya yawan tashi, wanda ba ya yawan tashi kuma ba ya yawan damun kowa.

Wannan ya kawo mu maganar ƙara, wadda samari suka fi rainawa. Akwai wani dattijo da na sani, ya yi shekaru yana faci. In ka yi masa magana sai ya juyo da kunnensa na hagu, ya kafa wa bakinka ido, ya yi murmushi ya ce "na'am" ko da tambaya ka yi masa. A masallaci sahun gaba yake nema kusa da lasifika, duk da haka sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya yi ruku'u. Jikokinsa sun daina ba shi labari don sun gaji da maimaitawa. Ba rana guda abin ya same shi ba, kuma bai taɓa jin zafi ba. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Yawancin ƙananan injinan da ba su da bel, masu juyawa kusan sau 2,850 a minti, suna kaiwa wannan iyaka ko su wuce ta, balle a cikin ɗaki mai bangon siminti. Ba sai ka sayi na'urar awo ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu biyu daga gare ka ya ji, ƙarar ta yi yawa. In ka kwanta da dare kana jin kunnenka yana ƙugi, ya fara gaya maka. Jijiyar ji in ta mutu ba ta dawowa. Abin toshe kunne na roba ko na soso ba shi da tsada, masu sayar da kayan aiki a Sabon Gari suna da shi. Za a yi maka dariya mako guda a gaji. In ƙugin ya ƙi tafiya, je sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano a auna maka. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, to a tsare kunnen tukuna.

Rage ƙarar kanta ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Kaso mai yawa girgiza ce ke bin daɓe ta shiga bango. Yanko roba mai kauri daga tsohuwar taya ka sa a ƙarƙashin kowace ƙafa, a kan daɓe mai daidai, za ka ji bambanci nan take. Bi notuna ka ɗaure, ragar bel da ta saki tana ƙara nata kiɗan. Wani kason daga bakin shan iska yake fitowa: haɗa masa tiyo mai faɗi ka kai filtar waje inda ba ƙura, ko ka sa mata ɗan salansa. In da hali gina wa injin ɗan ɗaki na bulo ko katako mai kauri, amma da kafar shigar iska a ƙasa da ta fita a sama. Na ga wanda ya lulluɓe nasa da tsohuwar katifa, ƙara ta ragu, koyil ya ƙone, saura kaɗan katifar ta kama. In naka ba mai bel ba ne, ranar da Allah ya hore maka canji, nemi mai bel, don kansa a hankali yake juyawa, ya fi sauƙin ƙara kuma ya fi daɗewa. In aikinka ƙarami ne kamar harbin ƙusa, akwai marasa mai masu shiru da ake kawowa yanzu. Ka kuma saba da muryar injinka. Sabon ƙwanƙwasa, ko kukan bel, ko tsakin da ba ya ɗaukewa bayan injin ya tsaya, kowanne yana nuna wani abu ya fara lalacewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Gidajen Fagge bango ɗaya ne ya raba su, a Sabon Gari kuma gida guda kan ɗauki iyalai da yawa, kowa da ɗakinsa. Bayan bangon da ka jingina injinka wataƙila akwai mai jego, ko tsoho mai hawan jini, ko yarinya mai shirin jarrabawa, ko wanda ya kwana gadi yake son runtsawa. Yawancinsu ba za su yi maka magana ba, kunyar mahaifinka za su ji, su haɗiye. Shirun nan ba yarda ba ce, kuma ka san matsayin haƙƙin maƙwabci a addini. Kada ka tayar da inji da sassafe ko bayan isha. Kashe shi in an tayar da salla a masallacin layi, haka in maƙwabtanka na coci suna ibada ranar Lahadi. Da dare zare wayarsa, kada yoyo ya sa ya tashi da kansa ƙarfe biyu mutane na barci.

Gobe, kafin ka fara aiki, yi sallama da maƙwabcin da ke bayan bangon, ka roƙe shi ya bar ka ka shiga ɗakin da ya fi kusa. Sa yaronka ya kunna injin, ka tsaya a ciki ka ji abin da suke ji, ka taɓa bangon ka ji ko yana rawa. In ya kama a matsar da injin wani gefe, a matsar. Sannan ka tambayi maigidan lokutan da suka fi buƙatar shiru, ku tsayar da magana a kai, ka gaya wa yaran shagonka.